Tsofaffin Tanderun Tangaran na Ingila: Me Ya Sa Ba a Rushe Su Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya aiko mini da hoton wasu dogayen gine-gine na jan bulo masu siffar kwalba a birnin Stoke-on-Trent. Ya ce tanderun gasa tangaran ne na da, kuma doka ta hana a rushe su ko da yake an daɗe da daina aiki da su. Yaya suke aiki, kuma mene ne amfanin adana tanderun da wutarsa ta mutu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Birnin da ƙanenka ya ambata haɗakar garuruwa 6 ne, wato Burslem da Tunstall da Hanley da Stoke da Fenton da Longton, kuma tun ƙarni na 18 ya zama cibiyar ƙera faranti da kofuna da butocin shayi a Ingila, domin Allah ya hore wa yankin yumɓu da kwal a wuri ɗaya. A nan ne Josiah Wedgwood ya buɗe masana'antarsa ta Etruria a 1769.

Abin da ka gani a hoton riga ce kawai. Ginin mai siffar kwalba yana kare tanderu daga iska da ruwan sama, kuma dogon wuyansa yana zuƙo iska ta ƙasa don wuta ta ci sosai, hayaƙi ya fice ta sama. Ainihin tanderun yana ciki, ɗaki ne zagayayye mai kaurin bango, an ɗaure shi da maɗauran ƙarfe saboda zafi yana sa bulo ya buɗe. A matoyar maginan tukwanenmu wuta ce ke lasar tukunya kai tsaye, shi ya sa ake ganin baƙin tabo a jikinta, amma farin tangaran ba ya jure haka. Don haka sai a jera kayan cikin wasu akwatuna na yumɓu mai jure wuta, kowanne idan ya cika yana kai kimanin kilo 25. Ma'aikaci zai ɗora akwatin a ka, da gammo na tsofaffin safa a cikin hularsa, ya hau tsani ya jera shi bisa ɗan'uwansa har tulin ya kusa taɓa rufi. Idan ɗakin ya cika sai a toshe ƙofar da bulo, a yaɓe ta da laka, a hura wuta a bakunan murhu da ke kewaye da gindinsa.

Daga nan al'amari ya koma hannun mutum ɗaya, mai kula da wuta. Kwana 2 zuwa 3 yake yi yana gadin tanderun, ana zuba kwal tan-tan, zafi yana hawa daga digiri 1,000 har wajen 1,250, shi kuwa yana leƙawa ta ƙananan ramuka yana karanta launin wutar, yana zaro 'yan guntayen gwaji don ya san inda gashi ya kai. In ya yi gaggawa kaya su tsattsage, in ya yi sakaci su fito ɗanyu, wahalar makonni ta ma'aikata da yawa ta tashi a banza. Wannan ilimi a ido da kunne yake zaune, ba a littafi ba.

Kada kyan hoton ya rufe mana ido game da abin da sana'ar ta ci. Hayaƙi ya kan turnuƙe garuruwan har rana ta dushe, ƙurar yumɓu da ta duwatsun da ake niƙawa ta lalata huhun maginan, dalmar da ke cikin ruwan sheƙi ta sa wa masu tsoma kaya guba, kuma sau da yawa akan tura mutane su kwashe kaya tanderu bai gama hucewa ba. Bayan mummunan hazon hayaƙin da ya hallaka dubban mutane a Landan a 1952, majalisar dokokin Birtaniya ta kafa dokar tsabtace iska a 1956, masana'antu suka koma gas da lantarki, kuma zuwa 1963 an daina gashi da kwal a waɗannan tanderu. Daga wajen 2,000 da aka taɓa samu, kimanin 50 ne kacal suka rage.

Amfanin adana su, a ganina, shi ne cewa fadoji da gidajen masu mulki ba su rasa mai kula da su, amma wurin da talaka ya zubar da guminsa shi ne farkon abin da ake rushewa, alhali shi ne ya gina arzikin garin. Masana'antar Gladstone da ke Longton saura ƙiris a rushe ta, aka cece ta, ta zama gidan tarihi a 1974, inda yaro zai shiga cikin tanderu ya ɗaga kai ya ga tsayin da kakansa ya hau da kaya a ka. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masu gidan suka gane cewa gini kaɗai ba ya magana, sai a watan Agusta na 1978 suka tara tsofaffin ma'aikata aka yi gashi na ƙarshe da kwal a wata masana'anta da ke kusa, aka ɗauki hotuna da bayanin kowane mataki.

Mu ma muna da alaƙa da wannan batu. A farkon shekarun 1950 Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, da tanderu mai aiki da itace, kuma Ladi Kwali, shahararriyar mai ginin tukwane wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga wannan cibiya a 1954. Ina ganin wannan wuri ya cancanci irin kulawar da aka ba Gladstone, kuma abin da ya fi gaggawa shi ne a je a naɗi bayanin dattawan da suka hura wutar tanderunsa tun suna raye.