Tsibirin da ba kowa a gaban Dakar: amsa ga mai shirin zuwa da iyali

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena, tun jiya da dare na ga tambayarka: za ku Senegal hutun ƙarshen shekara, kai da uwargida da Inna da yara biyu, kuna da rarar yini ɗaya a Dakar, ka kuma ga hoton tsibirin Madelen da ba mai zama a kansa, kana son sanin ko ya kai a kashe masa yinin. Na bari sai da na rufe shago na natsu, don na taɓa taka wurin da ƙafata, kuma amsar ba ta layi biyu ba ce.

Ka je, amma ba da kowa ba. Inna da yaran ka bar su masauki, ko ka kai su wani wurin da zan faɗa maka nan gaba.

Mu Maulidin Kaulaha ya kai mu, a shekarar da ya faɗo cikin Nuwamba. Da aka watse muka sauko Dakar, saura kwana uku jirginmu ya tashi. In kana tafiya kan titin bakin teku na yammacin garin, za ka hango wani baƙin dutse kwance cikin ruwa, kamar raƙumi ya gurfana. Shi ne tsibirin Madelen, nisansa daga gaɓa wajen kilomita 4. Gwamnatinsu ta mai da shi gandun da ake karewa tun 1976, faɗinsa bai wuce kadada 45 ba, shi ya sa ake lissafa shi cikin mafi ƙanƙantar gandayen ƙasa a duniya. Ba a zuwa haka kawai. Ofishin masu gadin gandun yana kusa da Sumbejun, inda masunta ke jibge kwalekwalensu, can ake biyan kuɗin shiga da na jirgi a haɗa ka da ɗan rakiya. Kuɗinsu sefa ce, irin wadda muke canzawa a Illela, ka riƙe ƙanana a aljihu. Kuma ka tuna agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, mu sai da muka yi zaman jiran a buɗe ofis saboda wayar ɗayanmu ba ta juya ba.

Cikin tawagarmu akwai wani abokina da ya tashi bakin Gulbin Rima, wajen Wamakko. Tun a mota yake cika baki: "Mi ag ga teku? Ruwa dai na. Ni da nike ƙetare gulbi da damina!" Aka miƙa masa rigar kariya daga nutsewa, ya ce shi ba yaro ba ne, sai da mai jirgin ya ƙi tada inji sannan ya saka. Ba mu yi minti goma ba bawan Allah ya yi tsit. Da na waiwaya, ya rungume gefen kwalekwale yana mai da kunun da ya sha da safe. Ni ban yi masa dariya sosai ba, don nawa cikin ma juyawa yake. Gulbi gudu yake yi ya nufi waje guda, ka san inda ya dosa. Teku kuwa ɗaga ka yake ya sauke, ya sake ɗagawa, ba ya gaba ba ya baya, kuma ba ya gajiya. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba, amma salatin da na yi a cikinta ya fi na daren Maulidin.

Wurin sauka shi ne dalilin da ya sa na ce a bar Inna. Ba wata matsaya mai faɗi, wata 'yar kafa ce tsakanin duwatsu biyu. Mai jirgin yakan tsaya yana ƙirga igiyar ruwa, in ya ga ta lafa sai ya kutsa da gudu. Daga nan ka taka dutse mai santsi, jirgi na rawa a ƙarƙashinka. Ni da babbar riga na je, kamar mai zuwa ɗaurin aure, iska ta cika ta ta kusa mai da ni tanti. Ka sa 'yar shara da wando, da takalmi mai kama ƙasa. Silifas ba zai yi ba. A cikin ruwan gefen duwatsun akwai wasu baƙaƙen halittu masu ƙaya kamar bushiya, wanda ya taka ba takalmi ya gama yawo ranar. In teku ya yi fushi ma ba sa fita ko kaɗan, kuma daga Disamba iska takan ƙaru ruwan ya yi sanyi. Don haka kada ka ajiye tafiyar sai ranar ƙarshe, ka leƙa ofishin tun ranar da kuka sauka ka ji yanayin.

To me ke can da ya sa duk da wannan nake cewa ka je? Kuka.

Mu da muka tashi da miyar kuka, muka san kukar da mutum biyar ba su zagaye ta da hannu, ban taɓa zaton zan ga kuka tana rarrafe ba. A tsibirin nan iskar teku ba ta barin ta miƙe. Sai ta yi kauri a gindi, ta kwanta, rassanta su bi ƙasa kamar yaɗon kabewa, wata ko kai na ba ta kai ba. Na murza ganyen na shinshina, kuka ce sak, babu tantama. Na daɗe a tsaye a gabanta har ɗan rakiyar ya dawo nemana. Shi ya ba mu labarin cewa Lebu, masuntan da suka fara zama a Dakar, sun ɗauki tsibirin gidan aljanin da ke tsaron garinsu, kuma a faɗarsu ba ya yarda kowa ya kafa gida a nan. Ya nuna mana kangon wani ɗakin dutse da wani Bafaranshe ya fara ginawa shekaru aru-aru da suka wuce bai gama ba. Abokina, wanda a lokacin ya ɗan farfaɗo, ya ce: "Ai dama kuka gidan iskoki ta, ko gida haka muka taras." Ni dai abin da idona ya gani shi ne babu rijiya, babu ruwan daɗi, ƙasar kuma dutse ce ta tsohon aman wuta. Ko ba aljani, wa zai zauna?

Za ka ji wasu na kiransa tsibirin macizai. Kada uwargida ta firgita. Labarin da ake bayarwa shi ne sunan wani soja ne, Sarpan, da aka taɓa kora can, baki ya juya shi ya koma kalmar maciji da Faransanci. Mu dai mun zagaya ba mu ga ko saɓa ba. Tsuntsaye ne masu garin. Akwai baƙaƙe masu nitso su kamo kifi, kashinsu ya mai da duwatsu fari fat kamar an shafa farar ƙasa, warin kuma sai ka toshe hanci. Akwai wani fari mai jan baki da dogon wutsiya siririya kamar zare, yana ƙwai a cikin kogon dutse, shi Turawa ke zuwa da manyan kyamarori su ɗauka. Ɗan rakiya ba ya bari a matsa kusa da sheƙarsu, ba a tsinkar komai, ba a barin ko ledar biskit, ba a kuma kwana.

Kuskuren da muka yi shi ne na ruwan sha. Mun ce mu Sakkwatawa ne, wace rana za ta ba mu tsoro bayan zafin Afrilu? Muka ɗauki gora ɗaya mu huɗu. Ashe iskar teku yaudara ce: jiki na jin sanyi, rana na cin fata, gishiri na busar da maƙogwaro, ga kukar da za ka fake ƙarƙashinta ita ma neman mafaka take. Ba mai talla, ba mai shayi, ba rumfa, ba bayan gida. Kafin azahar gorar ta ƙare, muna hango benayen Dakar ƙuru-ƙuru amma ba halin kurɓa ɗaya sai jirgi ya dawo. Ka ɗauki babbar gora kowane mutum ɗaya, da malfa, da guzuri marar nauyi irin dabino da burodi. Kilishi ka bar shi sai an dawo, ƙishi yake ƙarawa. Waya ka ɗaure ta a leda.

Alwala kam ba ta ba mu wahala ba, da ruwan teku muka yi, tunda hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya tabbatar da tsarkinsa. Kurkurar baki ce dai sai ka daure. Muka shimfiɗa rawani kan dutse muka yi azahar, ba ƙarar babur, ba hon, sai ruwa na dukan dutse a bayanmu. Ban san rabon da in ji shiru irin wannan ba.

Inna da yara kuwa, ka kai su Gore, wani tsibirin da ke kusa da Dakar. Babban jirgi ne mai kujeru ke tashi daga tashar jiragen ruwan Dakar, kamar minti 20, ana sauka kan matsaya sosai. Akwai mutane, akwai inuwa da abinci da masallaci, ga gidan bayi da yaran za su ga tarihin da ake koya musu a makaranta. In yini ɗaya tak gare ka kuma dole kowa ya fita tare, Gore za ku, kada ma ka yi dogon tunani. In kuwa za ka iya satar yini guda, ka tafi Madelen da jirgin farko, kada ka cika ciki kafin ka hau, ka dawo da la'asar daidai lokacin da masuntan Sumbejun ke sauke kifi, ka sa a gasa maka ɗaya nan take.

Ka gaida Inna, ka ce ta sa mu a addu'a. In ka tashi canjin sefa ka biyo shago, akwai sauran 'yan canjin da na dawo da su.