Waya ta cika: me za a kwashe zuwa memori, me za a bari?

Assalamu alaikum Malam. Wayata itel ce mai giga 32. Kullum sai ta rubuta min cewa wuri ya kusa ƙarewa, har ta kai ba na iya sabunta manhajar bankina. Na sayi memori na saka, aka ce in mayar da manhajojina can. Na duba ko'ina, WhatsApp ba shi da wurin mayarwa, Facebook ma haka. Wayar ce ba ta da kyau, ko memorin?
*Malamar firamare, Gusau*

Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, wayarki lafiyarta ƙalau, kuma ba laifin memorin ba ne. Tun a 2010, a zubin Android 2.2, aka buɗe hanyar mayar da manhaja kan memori, amma aka bar wuƙa da nama a hannun wanda ya ƙera manhajar. In ya yarda, za ki ga wurin mayarwa idan kika shiga saitin, sannan Apps, kika zaɓi manhajar, kika taɓa Storage. In bai yarda ba, babu abin da za ki gani. Kamfanin WhatsApp ya faɗa ƙarara cewa manhajarsa ba ta zama a memori. Manhajojin da waya ta zo da su daga kamfani su ma ba sa matsawa.

Ko waɗanda suka yarda ɗin, ba duka suke tashi ba. Wani ɓangare ne ke komawa memori, bayanansu kuma su yi zamansu a cikin waya. Sai mutum ya ɓata yammaci guda yana mayarwa, ya duba ya ga abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma waɗanda ba na so ki mayar ko da an ba ki dama: manhajar banki, allon rubutu, agogon ƙararrawa, da manhajar kiran sallah. Dalili shi ne duk lokacin da memori ya ɗan goce, ko aka kashe waya aka kunna, manhajar da ke kansa ba ta tashi a kan kari, kuma ƙararrawar da ta saita tana iya gogewa. Sai asuba ta yi waya ta yi shiru.

Ni abin da nake so ki duba daban ne. A cikin giga 32 ɗin nan, tsarin wayar kansa ya riga ya ci nasa kason, abin da ya rage miki bai wuce ashirin da 'yan kai ba. Kuma a wayoyin mutanenmu, mafi yawan wannan wurin bidiyo da sauti ne ke cinye shi: bidiyon biki da suna, wa'azi, karatun tafsirin azumin bara da na bana, fina-finan da aka karɓo wajen masu turi, da duk abin da ake jefowa a guruf na dangi da na makaranta. Su ne ya kamata su koma memori. Manhaja kamar gishiri da manja ce, tana kusa da murhu domin kullum hannu na kanta. Buhunan hatsi su ake kaiwa rumbu.

Ki fara da WhatsApp. Shiga saitinsa, sai Storage and data, sai Manage storage. Zai nuna miki giga nawa ya ci, ya ware miki fayilolin da suka haura mega 5 da waɗanda aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu, ya kuma jera miki hirarraki daga wadda ta fi nauyi. A nan mutane da yawa ke ganin cewa guruf ɗaya tak ya ci wurin da manhajoji goma ba su ci ba. Ki goge abin da ba ki buƙata. Wanda kike so ki adana, ki buɗe manhajar fayiloli ta wayar, ko Files ta Google, ki kwashe shi zuwa memori. A wayoyi masu Android 11 zuwa sama, kayan WhatsApp suna cikin foldar Android, sai media, sai com.whatsapp. A cikin foldar bidiyo akwai wata mai suna Sent, wadda ke riƙe da kwafin abin da kika tura wa wasu. Bidiyon walimar da kika ɗauka da kyamararki kika aika wa ƙanwarki yana nan sau biyu ke nan, ɗaya a cikin hotunanki, ɗaya a can. Amma ki sani, duk abin da kika ɗauke daga wurinsa ba zai ƙara buɗewa daga cikin hirar ba, hotonsa zai yi dishi-dishi. Daga memori za ki riƙa kallonsa. Foldar da ake kira Databases kuwa ki bar ta yadda take, ajiyar hirarrakinki ce.

Bayan shara sai toshe ƙofar da datti ke shigowa. A saitin WhatsApp ki hana bidiyo da sauti sauka da kansu, wannan zai rage miki cin data ma. A saitin kyamara ki zaɓi memori ya zama wurin ajiya. Xender ma tana da wurin zaɓen inda kaya za su sauka, haka Telegram da YouTube. Su Facebook da TikTok suna tara tarkacen wucin gadi, ki riƙa taɓa Clear cache lokaci-lokaci. Ki lura da kyau, kusa da shi akwai Clear data, shi kuwa yana fitar da ke daga manhajar ya goge bayananki, kada hannu ya kuskure a kan WhatsApp ko manhajar banki. In Facebook ɗin ya yi miki nauyi, Facebook Lite ya wadatar.

Malam barka da aiki. Da na saka sabon memori, wayata ta tambaye ni ko in yi amfani da shi a matsayin ma'adanar cikin waya ko ta ɗauka-ka-cire. Abokina ya ce in zaɓi ta ciki, wai wayar za ta koma mai giga 96. Gaskiya ne?
*Ɗalibi, Zariya*

Ƙanena, abokinka bai yi ƙarya ba, amma bai gaya maka kuɗin abin ba. Wannan tsarin ya zo ne da Android 6.0 a 2015. Idan ka zaɓi ta ciki, waya za ta yi wa memorin fomatin, duk abin da ke kansa ya tafi, sannan ta kulle shi da wani mabuɗin sirri da ke ajiye a cikinta ita kaɗai. Daga ranar memorin ya zama nata. Ka cire ka saka a wayar wani, ba zai buɗe ba. Ka saka a kwamfuta, za ta ce ka yi masa fomatin. Ba za ka iya zare shi ka miƙa wa mai turi ko mai gurza takardu ya ciro maka fayil ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da waya ta sami matsala. Ta faɗa ruwa, ko ta maƙale a tambari aka kai ta filashin, ko ka mayar da ita sabuwa da hannunka: mabuɗin ya tafi, memorin yana nan lafiya a tafin hannunka amma babu mai iya karanta abin da ke ciki. Ga ɗalibin da aikin kammala karatunsa da hotunan takardunsa ke kai, wannan asara ce babba. Idan kuma memorin ne ya mutu, manhajojin da suka koma kansa sun tafi tare da bayanansu.

Ga kuma batun sauri. Ramin memori na yawancin wayoyi iyakarsa mega 104 a daƙiƙa, kuma da wuya kati ya kai hakan a aikace. Ma'adanar cikin waya, ko ta masu araha mai suna eMMC 5.1, an tsara ta har zuwa mega 400, ta UFS kuwa ta fi haka nesa. Manhaja kuma ba ta karatu a jere kamar bidiyo, tsince-tsince take yi na ƙananan bayanai dubbai, nan da can, kuma a nan ne memori ya fi rauni. Shi ya sa za ka ga waya ta fara jan ƙafa bayan an yi wannan haɗin. Yawan rubutu da gogewa ma yana gajiyar da katin da wuri. Samsung bai ma sa wannan zaɓin a yawancin wayoyinsa ba.

Tun da ka ce giga 96, na fahimci wayarka mai 32 ce, memorin mai 64. Shawarata ka zaɓi ta ɗauka-ka-cire, ka bi matakan da na faɗa wa Malama a sama. Wanda nake yarda ya yi haɗin shi ne mai waya mai giga 8 ko 16 wadda ko sabunta WhatsApp ba ta iyawa, shi ma da sharaɗin katin na ƙwarai ne, kuma duk abin da yake jin zafin rasawa yana da kwafinsa a wani wuri. Manhajojin nan da ake tallatawa wai suna ninka gigar waya, ka nisance su. Babu manhajar da ke ƙara wa ƙarfe girma, talla kawai za su cika maka waya da ita, wasu har da leƙen bayananka.

Malam, na je sayen memori, mai shago ya fito min da guda biyu. Ɗaya mai giga 128, ɗaya mai 64, amma mai 128 ɗin ya fi araha. Ya saka min a waya ya nuna 128 cif. Na ce sai na yi shawara. Wanne zan ɗauka?
*Mai ɗinki, Maraɗi*

Hajiya, Allah ya yi miki albarka da kika dakata. Araha ba ta ado, kuma a harkar memori babba ba ya fin ƙarami sauƙin kuɗi sai da dalili. Abin da waya ta nuna ba hujja ba ne, domin ita tambayar katin take yi, duk abin da ya faɗa shi za ta rubuta. Masu yin jabu suna ɗaukar kati mai giga 8 ko 16 su sauya bayanin da ke cikinsa ya riƙa cewa shi 128 ne. Makonnin farko komai zai tafi daidai. Ranar da kaya suka wuce ainihin cikinsa, sai ya fara rubuta sabo a kan tsoho, ko ya karɓi fayil ya jefar ba tare da ya faɗa ba. Za ki ga sunayen hotunan ɗinkunanki a jere, ki taɓa su ƙi buɗewa, kuma babu mai gyaran da zai dawo da su, domin tun farko ba su zauna ba. Wannan ha'inci ne, kuma sau da yawa mai shagon ma bai sani ba, haka aka sayar masa.

Kalmar "cif" da kika faɗa ma ta ƙara min shakka. Kati na gaskiya mai 128 yawanci wajen 119 yake nunawa, mai 64 wajen 59, mai 32 kusan 30. Ba sata ba ce, kamfanoni na ƙirga giga da dubu-dubu, kwamfuta kuma da 1,024. Wasu wayoyin dai sukan cike lambar su rubuta ta yadda take a kwali, saboda haka wannan alama ce kawai.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a cika katin a sake karantawa. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna H2testw da ke yin haka: ta rubuta bayanai har bakin katin, ta dawo ta duba ko duk suna nan. Tana ɗaukar lokaci, babban kati yana iya cin awanni, amma duk mai gyaran waya da ke da kwamfuta zai iya yi miki. In babu, ki loda masa manyan bidiyoyi har ya kusa cika, sannan ki buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Ki yi wannan kafin ki ɗora masa wani abu mai muhimmanci, kuma ki yi magana da mai shagon tun kafin ki biya cewa in ya faɗi gwaji za ki dawo da shi. Wanda ya san kayansa ba zai ƙi ba.

A jikin katin ki nemi lamba 10 a cikin da'ira ko 1 a cikin harafin U, ma'ana ba ya gaza mega 10 a daƙiƙa wajen rubutu. Wannan ya ishi hotuna da bidiyon yau da kullum. U3 ko V30 mega 30 ne, na masu ɗaukar bidiyo mai nauyi. A1 da A2 alamar katin da aka yi domin manhajoji ce. A1 ya wadatar, domin A2 ba ya nuna fifikonsa sai a na'urar da aka ƙera ta dominsa. SanDisk, Samsung, Kingston da Lexar sanannu ne, amma saboda sanannu ne aka fi kwaikwayon kwalinsu, don haka suna kaɗai bai isa ba. Idan wayarki tsohuwa ce sosai, ki duba iyakar abin da take ɗauka, wasu ba sa wuce 32. Ni dai mai 64 zan ɗauka, shi ma sai an gwada.

Ina son sauya waya. Kuɗina zai kai mai giga 64 in ƙara mata memori, ko in ɗan jira in sayi mai 128. Wanne ya fi?
*Mai POS, Kano*

Malam, ka jira ka sayi mai 128. Sana'arka a kan manhajojin banki take, su kuwa a cikin waya suke zama, kuma kowace sabuntawa ƙara nauyi suke yi. Memori za ka iya ƙarawa kowace rana, ma'adanar ciki kuwa yadda ka saye ta haka za ta ƙare.

Idan ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko ta Beirut, ka kula da lambobin da ke jikin kwali. Ƙaramar lamba, kamar 4 ko 8, ta RAM ce, wato wurin da waya ke aiki a kai. Babbar ita ce ma'adana. In ka ga an rubuta 8+8, takwas ta biyun aro ce daga ma'adanar, tsarin da Tecno ke kira Memory Fusion, kuma ba ta kai ta ainihi sauri ba. Sannan ba kowace waya ke da ramin memori ba: iPhone ba ta taɓa yi ba, Samsung ma ya cire shi daga manyan wayoyinsa tun daga Galaxy S21 a 2021. Wasu kuma ramin layi na biyu shi ne na memori, dole ka zaɓi ɗaya, kai kuwa mai POS ba ka rabuwa da layi biyu saboda matsalar sabis. Ka sa mai shago ya zaro maka tiren a gabanka, ka ƙirga da idonka ka ga gurbi uku ne kafin ka miƙa kuɗi.