Sabuwar siga mai ɗaci: jabu ce ko ɗanya?

Malam, ka ce ka sayi sabuwar sigar Kuba ɗin nan (wato cigar, tabar da ake naɗewa da ganyen taba) da mashaya ke ta yabo, ka kunna ɗaya a ranar, sai ka ji ɗaci da wani wari mai hawa hanci, kana tambaya ko jabu aka sayar maka. Ba lallai ba ne. Galibi ɗanya ce kawai. Ganyen taba yana fitar da iskar amoniya lokacin da ake tsima shi, kuma sigar da ba ta daɗe da barin masana'anta ba takan zo da ragowarta. Ka ajiye sauran a akwatinsu na katako, damshi tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, ka manta da su wata biyu ko uku.

Amma fa hunturun Abuja ba ya wasa. Bara cikin Janairu na bar guda uku a aljihun mota kwana huɗu, ina matsa ɗaya da yatsa na ji ƙaras, ganyen waje ya tsage kamar busasshen ganyen masara. Wadda ta bushe haka tana ci da sauri, hayaƙin ya yi zafi, ɗacin ya ninka, sai mutum ya zagi kamfani alhali laifin kansa ne. Ka saka fakitin Boveda mai lamba 69 (ɗan fakiti ne mai riƙe damshi a kashi 69 cikin ɗari) a akwatin, kada ka yayyafa ruwa, fumfuna za ta kama. In bayan wata uku ɗacin yana nan, to sai ka duba lambar da ke jikin koren hatimin kwalin a shafin intanet na Habanos, kamfanin da ke tallata sigar Kuba.