Hannun Jarin Kamfanin Waya Ya Faɗi, Ana Cewa Za A Saye Shi: In Zuba Kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da wayoyi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a nan Kaduna. Wani abokina ya matsa mini in sayi hannun jarin wani kamfanin waya na ƙasar waje ta manhaja, wai farashin ya faɗi warwas kuma ana raɗe-raɗin wani babban kamfani zai saye shi, sai mu kwashi riba. Ina da ɗan abin da na tara. In shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin naka ya faɗi rabin gaskiya. Mai son saye kamfani sukutum yakan taya sama da farashin kasuwa, don masu hannun jari ba za su saki nasu a yadda yake ba. Wannan ƙarin shi ake hange. Sai dai kafin a kai ga ribar, sai mai sayen ya zo, sai an daidaita, sai hukumomi sun sa hannu, kuma sai farashin da aka taya ya wuce wanda kai ka biya. Ko guda ya kuskure, ka tashi da asara.

Kai ɗan kasuwar waya ne, don haka ba sai na gaya maka yadda BlackBerry ta yi tashe ba, zamanin da samari ke musayar lambar BBM, manhajar hirarta, kamar katin gayyata. Kamfanin na Kanada ne. A 2008 hannun jarinsa guda ya haura dala 140. IPhone ta riga ta fito a 2007, Android ta biyo baya a 2008, mutane suka fara zamewa a hankali. A 2011 ya sauko dala 30, waɗanda suka saya a lokacin suna ganin sun tsinci dami a kala. A 2012 sai ga shi ƙasa da dala 7. Araha ba ta ado, musamman idan dalilinta shi ne masu sayen wayar sun juya baya.

Mai son sayen kamfanin kuwa ya zo. A watan Satumba na 2013 kamfanin zuba jari na Fairfax ya taya dala 9 kan kowane hannun jari, jimilla kusan dala biliyan 4.7. Ka duba, wanda ya shiga a dala 30 ko da cinikin ya faɗa bai mayar da sulusin kuɗinsa ba. Cinikin ma bai faɗa ba. A watan Nuwamba aka fasa, aka koma ba kamfanin bashin dala biliyan 1, aka sauya shugaba, farashi ya sake gangarawa ƙasa da dala 7. A Janairun 2015 kuma labari ya bazu cewa Samsung na zawarcinsa, farashi ya yi tsalle da kusan kashi 30 cikin ɗari a yini guda. Kamfanonin biyu suka musanta, kafin wayewar gari akasarin ƙarin ya zube. Wanda ya ji labarin a makare shi ya biya wa na farko riba, kuma labarin da ya zagayo har ya iso rumfarka a Kaduna, manyan 'yan kasuwar New York sun daɗe da jin sa.

Akwai waɗanda suka dace, ban musa ba. Da Microsoft ya sanar a 2013 cewa zai sayi sashen wayoyin Nokia kan yuro biliyan 5.44, hannun jarin Nokia ya tashi sosai a ranar. Amma ni dai zuba jari don jiran irin wannan rana ya fi mini kama da canki-canki.

Ga kuma batun canji. Da dala za ka saya, da naira za ka ci, ga la'adar manhaja shiga da fita. Idan har za ka taɓa, ka tabbatar manhajar na da rajista da SEC, hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Najeriya, kuma ka sa abin da ɓatansa ba zai taɓa jarin shago ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne ko kana da wayoyin kamfanin a shago. Mai sayen kamfani sau da yawa haƙƙin mallakar fasaha da manhaja yake so, wayar ba ta dame shi ba. Kamfanin kwamfuta na HP ya sayi kamfanin waya na Palm a 2010 kan dala biliyan 1.2, a 2011 ya daina ƙera wayoyin. BlackBerry ta bar ƙera waya da kanta a 2016, a Janairun 2022 ta kashe wa tsofaffin wayoyinta hidima. Idan haka ta faru, sikirin da batir su yi wuya, garanti ya zama takarda, kaya su yi kwantai. Ka ƙirga guda nawa ka sayar a watan jiya, ka tambayi masu gyara ko har yanzu kayan gyaransa na shigowa. In ka ga abin na ja da baya, rage saro, ka sayar da na hannu ko da ribar ba yawa.