Ku Tambaya Mu Amsa: Keke, Fasinja Da Matsayar Bas

Tambaya: Assalamu alaikum. Da keke nake zuwa aiki, kuma sau biyu ke nan ina faɗuwa a wuri ɗaya, daidai inda bas ke tsayawa. Sauran titin sumul yake, amma a nan kwaltar ta yi tudu da kwari. Me ke kawo haka, kuma yaya zan wuce lafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, sannu, Allah Ya kiyaye gaba. Kwalta ba dutse ba ce. Tsakuwa da yashi ne aka cuɗa da baƙin danƙo da ake samu daga ɗanyen mai, kuma danƙon nan laushi yake yi in rana ta buga shi. Motar da ke gudu ba ta ba shi lokacin lotsawa. Amma babbar bas mai tsawon mita 12, in ta cika da mutane, nauyinta kan kai tan 18, mafi yawansa a kan tayoyin baya. A wuri ɗaya take taka birki, a wuri ɗaya take tsayawa, daga nan kuma take figa, safe da yamma. Birkin ne ke tura kwaltar gaba ta yi kunya-kunya, tsayuwar kuma ta haƙa kwari biyu a sawun taya, abin da aka matse ya kumburo a gefe. Shi ya sa injiniyan da ya san aikinsa ke zuba kankare a daidai matsaya, domin kankare ba ya lotsawa da zafi.

Ga kuma gas da baƙin mai da ke ɗiga daga injin da ke tsaye yana aiki. Gas yana narkar da danƙon kwalta, tsakuwa ta saki, rami ya buɗe. Yayyafin farko bayan an daɗe ba a yi ruwa ba ya fi ruwa mai ƙarfi haɗari, don yana taso da man sama bai wanke shi ba. In ka ga ruwan da ke kwance yana ƙyalli launi-launi, mai ne, kada ka taɓa birki a kansa.

Abin da ya fi kayar da mai keke ba ramin da ya gicciya hanya ba ne, tudun da ya miƙe tare da hanya ne. Keke yana tsayuwa ne saboda tayar gaba tana ɗan karkata dama da hagu koyaushe, ko ba ka lura ba. Da zarar ta shiga kwari, ko ta goga da gefen tudu ta kasa karkatawa, sai ƙasa. Haka mahaɗar kankare da kwalta take yi, haka murfin magudanar ruwa mai ƙarafa a miƙe, wanda siririyar taya mai faɗin milimita 25 ke iya zurmawa ciki ta maƙale. Duk irin wannan, a gicciye ake haye shi. In ba sarari, kada kusurwar ta gaza digiri 45.

Idonka ya riƙa riga tayarka da mita 10 zuwa 15. Ka gama rage gudu tun kana kan lafiyayyar kwalta, in ka iso wurin da ya lalace ka saki birkin gaba, ka ɗan ɗaga daga sirdi, fedoji biyu a daidai, gwiwa da gwiwar hannu a lanƙwashe su sha girgizar. Ka bar kamar mita ɗaya tsakaninka da bakin titi, don can ne yashi da fasassun kwalabe ke taruwa. Kafin ka kauce wa rami ka waiwaya. Gara ka tsaya cak da ka faɗa gaban mota.

Tambaya: Na daki bakin rami, da aka ciro tib sai ga huji biyu a jere, kuma babu ƙusa a taya. Me ya faru?

Amsa: Iska ce ta yi kaɗan. Tayar ta lotsa har rim ya matse tib da bakin ramin, gefensa biyu suka yanka. Duba jikin tayar, an rubuta iyakar iskar da take ɗauka. Tayar gari mai faɗin milimita 35 zuwa 40 kan so wajen 50 zuwa 60 a ma'aunin matsin iska da ake kira PSI, mai nauyi ko mai ɗaukar kaya ya ƙara. Ka juya wilin ka gani ko rim ya lauye, in ya lauye birki zai riƙa kamawa yana saki.

Tambaya: Ina saukowa daga bas riƙe da hannun yaro, mai keke ya ratsa tsakanina da bakin titi, saura ƙiris ya kwashe mu. Ya ce hanyarsa ce na tare. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Malama, kafin a zo kan doka, a duba yadda aka gina wurin, don iri uku ne, kuma kowane da irin rigimarsa.

Na farko, bas na tsayawa a bakin titi, keke na bin titi ɗaya da ita. A nan mai keke ba shi da hujjar cusa kai tsakanin ƙofar fasinja da bakin titi, ko da direba ya bar tazara. Ko dai ya jira a baya, ko ya wuce ta ɗaya ɓangaren.

Na biyu, hanyar keke ta ratsa daidai ƙofar bas, fasinja na sauke ƙafa sai a kanta. Mu dai a ganinmu wannan ne mafi muni, domin mai saukowa matakala yake kallo, jikin bas ya tare masa gani, keke kuma ba shi da ƙarar inji. Ƙasashen da suka daɗe da hawan keke sun ɗora nauyin a kan mai keken. A Jamus, sashe na 20 na dokar hanya ya ce in fasinjoji na hawa ko sauka, ba a wucewa ta gefen ƙofa sai da saurin mai tafiya a ƙasa, in ta kama a tsaya a jira. A Denmak ma, in babu dandamali tsakanin bas da hanyar keke, mai keke ne zai tsaya wa fasinja.

Na uku shi ne wanda ya yawaita a Holan, Landan ma ta ɗauka: a gina ɗan dandamali kamar tsibiri inda fasinja zai sauka, hanyar keke ta zaga ta bayansa. Amfaninsa, keke ya rabu da bas. Matsalarsa, fasinja sai ya tsallaka hanyar keke kafin ya kai inda masu ƙafa ke bi. Jagorar gina hanyoyin keke da ma'aikatar sufurin Birtaniya ta fitar a 2020 ta ce faɗin dandamalin kada ya gaza mita 2.5, yadda mai keken guragu zai sauko ya juya. Duk da haka ƙungiyoyin makafi a ƙasar sun daɗe suna kuka da wannan tsari, kuma kukansu na kan hanya: makaho da kunne yake tsallaka titi, to yaya zai ji keke a kusa da injin bas? Inda aka yi abin da kyau, ana ɗaga matsallakar ta zo daidai da dandamali, a shafa mata farin zane, a ɗan lanƙwasa hanyar keken don ta tilasta rage gudu, a kuma kawar da allon talla daga inda zai tare gani.

Daga bayaninki, wurin na farko ne ko na biyu, kuma a duka biyun ke ce da gaskiya. Sai dai gaskiya ba ta hana karaya. Ki riga yaron sauka, ki leƙa ta ɓangaren bayan bas kafin ƙafarki ta biyu ta taɓa ƙasa, don ta nan keke ke ɓullowa.

Tambaya: Ina kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, amma mutanen da ke matsaya ba sa kaucewa. Laifina ne in na buge wani?

Amsa: Ƙararrawa sanarwa ce, Malam, ba izinin wucewa ba. Wanda ya hango bas ɗinsa za ta tashi ba ya jin komai, gudu kawai yake yi. Mu yi lissafi. A gudun kilomita 20 cikin awa, kana cin mita 5.6 duk daƙiƙa. Kafin ido ya gani hannu ya kama birki, daƙiƙa ɗaya ta tafi, birkin kansa kuma na bukatar kusan mita 4 a busasshiyar kwalta. Ka ga an doshi mita 10, kusan tsawon bas ɗin duka. In ka sauko zuwa kilomita 10, mita 4 sun ishe ka tsayawa. In ana ruwa kuma birkinka mai kama rim ne, sai wili ya zaga ya share ruwan kafin roba ta kama, zagaye ɗaya kuwa ya fi mita 2.

Saboda haka yatsu biyu su kasance kan birki tun kafin ka iso. Ka bi ta bayan mai tsallakawa, ba ta gabansa ba, domin wanda ya firgita ba a san inda zai nufa ba. In za ka wuce bas da ke tsaye, ka dubi siginarta da tayar gaba, in ta fara juyawa ka bar ta ta fita. In ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Wuri mafi haɗari shi ne gaban bas, inda wanda ya sauka ke ɓullowa zai tsallaka titi, don haka ka ba gaban tazarar mita ɗaya da rabi. Ka kuma gwada birkinka yau: in ka matse hannun ya taɓa kan keken, ka ɗaure wayar, in tsagin jikin robar ya shafe ka canza ta.