Ƙunshin ORS a kofin shayi: amsa ga mai tambaya daga Gadarif

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni mataimakiyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti da ke wajen garin Gadarif a ƙasar Sudan. Tun ɓarkewar kwalara ta 2024 muke raba ORS, wato ƙunshin garin gishiri da sukari da ake jiƙawa a ba mai gudawa. Makon jiya aka dawo mana da yaro ɗan wata 14 yana jijjiga, uwar ta rantse ƙunshi uku ta ba shi a yini ɗaya. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. An koya mana cewa gulukos, sukarin da ke cikin ORS, ke taimaka wa sodiyam, sinadarin gishiri, shiga jiki, amma hanjin da ke zubar da ruwa ta ina kuma zai sha? Ko dai maganin ya fi ƙarfin ƙananan yara ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yaron lafiya. Ki kwantar da hankali, ba ORS ne ya fi ƙarfinsa ba. Abin da nake so ki koma ki tambayi uwar shi ne: a cikin ruwa nawa ta jiƙa kowane ƙunshi?

Bari in fara da ta ina hanji ke sha. Ƙofar fita daban, ta shiga daban. Gubar kwalara tana sa ƙofar kulorayid, wato CFTR, ta tsaya a buɗe, kulorayid, abokin sodiyam a cikin gishiri, ya yi ta kwarara cikin hanji, sodiyam da ruwa su bi bayansa. Amma gubar ba ta taɓa SGLT1 ba, furotin ɗin da ke zaune a fatar ƙwayoyin halittar ƙaramin hanji. Shi wannan kamar mai kwale-kwalen fito ne da ba ya tashi sai fasinja sun cika, kuma cikarsa sodiyam biyu ne da gulukos ɗaya. Suna zama ya juya ya sauke su cikin ƙwayar. Ta can bayan ƙwayar kuma akwai famfon da ke cin ATP, makamashin ƙwayar, yana fitar da sodiyam uku zuwa ɓangaren jini yana shigo da fotasiyam biyu. Shi ke rage sodiyam a ciki har na hanji ya sami gangaren shigowa. Ruwa kuwa ba ya jiran umarni, inda gishiri ya nufa can yake bi. Wani masanin kimiyya, Robert Crane, ne ya bayyana wannan haɗin gwiwa a 1960. A 1971 Dakta Dilip Mahalanabis ya yi aiki da shi a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya lokacin da ruwan ƙari ya ƙare masa, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kullum. Mutanenmu sun ɗauka duk magani in ya yi kauri ya fi aiki. Uwa ta ga yaro ba zai iya shanye lita ba, sai ta yage ƙunshin ta juye a kofin shayi, ta motsa da cokali, ta ɗura masa, a ganinta ta taƙaita masa wahala. Wata ma a tafin hannu take zubawa ya lasa. Ki yi lissafi da kanki. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2002 yana da milimol (ma'aunin yawan sinadari) 75 na sodiyam da 75 na gulukos a lita ɗaya. In aka jiƙa shi a mililita (mil) 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na lita, sodiyam ya zama 375, alhali na jini bai wuce wajen 140 ba. SGLT1 adadi ne da shi, kuma saurinsa na da iyaka. Da zarar duk sun cika, abin da ya rage na gishiri da sukari a cikin hanji yake zama, ya janyo ruwa daga jikin yaron zuwa hanjin. Gudawa ta ƙaru. Sodiyam ɗin da ya shiga kuma ya tarar da ruwan jini ya ragu, sai ya hau. Daga nan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su fara sakin ruwansu. Shi ne za ki ga yaro yana kuka mai ƙara, ƙishi kamar zai cinye kofin, jiki na taurarewa, sai jijjiga. Abin haushi, irin wannan yaron in kin tsunkuli fatar cikinsa ba lallai ta tsaya ba, sai ki ji ta kamar kwaɓaɓɓen fulawa, ki zaci bai bushe sosai ba. Ban ga yaronki ba, kuma zazzaɓi ko faɗuwar sukari ma na kawo jijjiga, amma ƙunshi uku a cikin ɗan wata 14 a yini ɗaya, da wuya a ce lita uku ya sha.

Sannan a ce iska ce ta taɓa shi. A yi ta hayaƙi har dare. Addu'a ba ta hana awo, jama'a.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne lemon kwalba da shayinmu mai sukari cokali huɗu. Lemo na ɗauke da sukari wajen giram 10 a kowane mil 100, sodiyam kuwa kusan babu. Rabin sukarin ma ba gulukos ba ne, wani nau'i ne mai suna furuktos, wanda ƙofarsa daban ce, GLUT5, kuma ba ya ɗaukar sodiyam ko ɗaya. Wannan ne ma ya sa haɗin gida ke neman ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita: rabin sukarin ne kaɗai ke aikin. Ba a ƙara ko ɗan tsunkule don "ya yi ƙarfi". Mai shagon magani da ke gaya wa uwa ta ba da lemo don yaro ya sami kuzari, ko ya rataya masa ruwan gulukos zalla a bayan kanta don ya karɓi kuɗi, wallahi ya ji tsoron Allah. Wanda ya galabaita har ba ya iya sha, ƙarin ruwan Ringer mai sinadaran gishiri yake buƙata ta jijiya a asibiti, da gaggawa.

Mu ma ma'aikata da namu. Muna miƙa ƙunshi ta taga, mu rubuta a rajista, mu kira na gaba. Rahoto ya cika, uwa ba ta san lita ba. Ki nemi gorar ruwa, ki auna lita, ki ja mata layi, ki haɗa na farko a gabanta da tafasasshen ruwa da ya huce, ta haɗa na biyu kina kallo. Ki duba bayan ƙunshin tukuna, don ba kowane ne na lita ɗaya ba. Yaron da bai kai shekara biyu ba, mil 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, cokali-cokali. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Nono kada a tsayar. Zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba. Abin da ya kwana ya yini a zubar, a haɗa sabo. Wanda kuwa ya zo yana jijjiga irin naki, ki tura shi inda za a auna sodiyam ɗinsa, domin sauke shi a hankali ake yi, in aka yi garaje ƙwaƙwalwa kumbura take.