Yawon shan iska a cikin makaranta: Likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita ni ɗalibi ne a Wudil, in mun tashi daga lakca sai in kama tafiya haka kawai ba inda na nufa, ina ta kallon bishiyoyin makaranta har a kira magariba. Abokaina sun ce ɓata lokaci ne, wai in ba gudu ko ƙwallo ba, ba motsa jiki ba ne.

Amsa: Rabu da su ƙanena. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 take so babba ya motsa jiki a sati, minti 30 sau biyar kenan, kuma tafiya tana ciki in dai ka ɗan ɗaga ƙafa har numfashi ya ƙaru. Tana taimaka wa hawan jini da suga da barci. Tunda kana kallo ma, lura da gawo, shi da damina yake kakkaɓe ganye, da rani sauran sun bushe shi kuma ya yi kore shar.

Tambaya: Da damina ciyawa ta rufe hanyar bayan ɗakunan kwananmu, ba matsala in bi ta nan da silifas?

Amsa: Akwai matsala, kububuwa ba ta sallama. Takalmi rufaffe da tocila. In sara ya faru kar a tsaga, kar a tsotsa, kar a ɗaure tamau, a wuce asibiti nan take.

Tambaya: Likita ina gadi a wata kwaleji a ƙasar Haɗeja, ina da ciwon suga. An ce in sassaƙo ɓawon maɗaci in haɗa da ganyen darbejiya in dafa, in ajiye ƙwayoyin asibiti.

Amsa: Haba Baba! Shi ya sa duk maɗacin da ka gani a makarantunmu an feɗe shi kamar akuyar layya. Ɗacin abu ba shi ke kashe suga ba, kuma ba wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin tukunyar nan, ƙoda da hanta ne za su ji a jikinsu. Kar ka ajiye maganinka dan Allah, ka je a auna ka.

Tambaya: Likita ɗana yana karatu a Gumel. An ce min kullum shi kaɗai yake yawo a cikin makaranta, ya je ya tsaya gindin tsamiya ko kuka ya yi shiru. Maƙwabta sun ce mutanen ɓoye ne suka shafe shi, a kai shi a yi masa hayaƙi.

Amsa: Hajiya wannan ita ce ta tsaya min a rai. Da farko yawo shi kaɗai ba ciwo ba ne, ga wani can a sama yana yi har na ce ya ci gaba. Tsamiya kuma inuwa gare ta mai sanyi, yaron da ya taso a ƙauye yana bin babansa gona in aka cusa shi ɗaki da mutum takwas dole ya nemi inda zai sha iska.

Abin da nake so ki bincika daban ne. Yana barci? Yana cin abinci, yana wanka, yana shiga aji? In kin kira shi hirar tana tafiya daidai ko sai ya riƙa sakin zance? In duk lafiya lau, ki ƙyale shi, ki kuma ce wa maƙwabta su ƙyale shi. Amma in ya daina barci, ko yana magana shi kaɗai, ko ya ce yana jin muryoyi ko ana bin sa, ko ya rame ya daina kula kowa yana cewa gara ya mutu, to wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne ko ciwon damuwa mai tsanani, kuma irin shekarun nan na samartaka ne ya fi fara bayyana, kuma yana da magani, wanda aka kai da wuri ya fi saurin dawowa karatunsa. A duba maganar shaye-shaye ma ba tare da tsawa ba, tiramol da wiwi da kodin, duk da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018 bai ƙare a gari ba.

Abin da ba zan lamunta ba shi ne a rufe yaro a ɗaki da hayaƙin barkono, ko a sa masa mari a yi ta bulala wai aljani ake duka. Ɗanki ake duka Hajiya. Wasu har zaƙami suke ba shi, alhali zaƙami da kansa yana haukata mai lafiya. Addu'a kam a yi ta, ba ta hana zuwa asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, ko ki fara da babban asibitin da ke kusa su tura ku. In ya ambaci kashe kansa kar a bar shi shi kaɗai, kar a jira gobe, ranar za a tafi. Ki je Gumel ɗin da kanki ki gan shi, kar ki tsaya kan an ce.

Tambaya: Ina da ciki wata shida, zan iya zagaya makaranta da yamma?

Amsa: Ƙwarai kuwa, a bi inuwa a riƙe ruwa. In kin ga jini ko jiri ko ciwon mara ki tsaya ki tafi asibiti, kuma kar ki fasa zuwa awo.